Dalilan Raba Aure a Dokar Ƙasa: Tarihin Garwa da Arewacin Kamaru

Gabatarwa

A Garwa, mutuwar aure tana da fuska biyu: ta shari'ar Musulunci da ta dokar ƙasa. Tarihi ne ya haɗa su wuri guda.

Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19, Garwa tana cikin daular Fombina wadda Modibbo Adama ya kafa. Alƙalan Lamiɗo suna hukunci da mazhabar Malikiyya. Miji yana da ikon saki, mace kuma tana iya fansar kanta ta hanyar hul'i, ko ta kai ƙara saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko ɓatan miji.

Zamanin Mulkin Mallaka

Jamusawa sun ci Garwa a 1901, ta kuɓuce musu a 1915, sannan ta koma hannun Faransawa. Faransawa sun bar wa talakawa al'adunsu a sha'anin aure, suka lissafa shari'ar Musulunci cikin al'adun. Duk da haka, dokar Jacquinot ta 1951 ta sa baki a batun kuɗin aure.

Bayan Samun 'Yanci

Kamaru ta sami 'yanci a 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa. Dokar 19 ga Disamba 1969 ta tsara kotunan al'ada, amma idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya ƙi amincewa da su, sai ƙarar ta koma babbar kotu. A can ana aiki da kundin dokokin da aka gada daga Faransa, wanda sassansa na 229 zuwa 232 suka kawo dalilai uku: zinar miji ko ta mata, yanke wa ɗayansu hukunci a kan babban laifi, da duka ko azabtarwa ko mummunan cin mutunci da ya hana zaman aure yiwuwa. Faransa ta ƙara rabuwa bisa yardar juna a 1975, amma wannan gyara bai shafi Kamaru ba.

Dokar 29 ga Yuni 1981 ta ƙara da cewa abu biyu ne ke kashe aure: mutuwa, ko hukuncin kotu. Ke nan, idan an yi rajistar aure, furucin saki bai isa ba. Macen da aka saka a gida ta gama idda, a addini bazawara ce, amma a takarda tana nan matar aure. Ba za ta iya rajistar sabon aure ba, kuma rigima kan taso wajen gado. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya kuma haramta korar abokin zama daga gidan aure ba tare da izinin kotu ba.

Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomin. "Saki" aikin miji ne, "hul'i" neman mace ne, "raba aure" kuwa hukuncin alƙali ne. Na ukun ne kaɗai dokar Kamaru ta sani.