TARIHIN SU NA JAN FATSA A MANYAN TAFKUNAN AMURKA

Gabatarwa

Duk wanda ya ji an ce su, abin da zai fara zo masa a rai shi ne sana'ar gado, wadda ɗa yake koya wurin uba, uba kuma ya koya wurin kaka. A cikin wannan ɗan rubutu ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina tarihin wani su da bai biyo wannan hanya ba, domin an san shekarar da ya kafu, an san mutumin da ya kawo shawararsa, har ma an san kogin da aka fara zuba kifinsa. Wannan kuwa shi ne kamun kifin salmon da na tarawut ta hanyar jan fatsa a bayan jirgi, a manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, wato Sufiriya da Mishigan da Huron da Eri da Ontariyo. Abin da nake son nunawa shi ne an gina wannan su ne a kan wata ɓarna da ta riga ta auku, kuma tun ranar da aka gina shi har yau masu shi ba su huta da tokara shi ba.

Yadda Ake Jan Fatsa

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin abin. Masunci yakan shiga ƙaramin jirgi mai inji ya nausa cikin tafki, sa'an nan ya rage wuta har jirgin ya riƙa tafiya irin ta mutum a ƙasa, wato kamar mil 2 zuwa 3 a awa. A bayan jirgin an kakkafa sandunan fatsa, kowace da doguwar igiyarta tana bin ruwa. Maimakon tana, abin da aka fi ɗaurawa a bakin ƙugiya shi ne wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli, mai siffar cokalin da aka cire wa mariƙi. In ana jansa yakan riƙa jujjuyawa kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni, sai babban kifi ya kai masa cafka.

To, amma waɗannan kifaye na ruwan sanyi ne. A watannin Yuli da Agusta saman tafki yakan yi ɗumi, sai su nutse ƙasa inda sanyin ruwa yake wajen digiri 10 zuwa 12, sau da yawa zurfin ƙafa 50 zuwa 100. Saboda haka akan ɗaura dunƙulen dalma mai nauyin kamar laba 10 a jikin wayar ƙarfe, a maƙala igiyar fatsa kusa da shi, a sauke shi daidai zurfin da ake bukata. Da kifi ya fizga sai igiyar ta saki daga jikin dalmar, ya rage daga masunci sai kifinsa. Galibin masu wannan su ba don sayarwa suke yi ba, don nishaɗi ne, kuma kuɗin da suke kashewa wajen jirgi da mai da masauki ya fi kuɗin kifin nesa ba kusa ba.

Tafkunan Kafin Zuwan Baƙi

Waɗannan tafkuna biyar suna ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk ruwan daɗin da ke kwance a bayan ƙasa. Tafkin Sufiriya kaɗai faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, zurfinsa kuma ya wuce mita 400. Tun fil azal babban kifin da ke mulki a cikinsu shi ne tarawut na tafki. 'Yan asalin ƙasar, irin su Ojibwe da Odawa, da shi da farin kifi suka dogara, suna kama su da taru da mashi. Da Turawa suka zo sai suka mai da su babbar sana'a, har a farkon shekarun 1940 akan fitar da fiye da laba miliyan 5 na tarawut a shekara daga Tafkin Mishigan kaɗai.

Abin da ya kare tafkuna huɗu na sama daga halittun teku shi ne gangaren ruwan Niyagara, wanda tsawonsa ya kai kusan mita 50, ba kifin da ke iya haye shi. A shekarar 1829 aka buɗe hanyar ruwa ta Welland don jirage su kewaye wannan gangare, daga baya kuma aka yi ta faɗaɗa ta. Ƙofar da aka buɗe wa jirage, ashe ba su kaɗai za su bi ta ba.

Baƙo na farko shi ne lamfare, wata halitta mai tsawo kamar gaiwa, mai ɗabi'ar matsattsaku. Bakinta zagayayye ne cike da haƙora, takan manne a jikin kifi ta huda shi ta riƙa tsotsar jininsa. Guda ɗaya tak tana iya halaka kifin da nauyinsa ya kai laba 40 a tsawon rayuwarta. An gan ta a Tafkin Eri a 1921, a Mishigan kuma a 1936. Da ma yawan kamu ya riga ya raunana tarawut, sai lamfare ta zo ta ƙarasa shi. Kafin tsakiyar shekarun 1950 tarawut ya kusa ƙarewa ƙarƙaf a Mishigan da Huron.

Baƙo na biyu wani ɗan ƙaramin kifin teku ne da ake kira elwayif, wanda tsawonsa bai cika wuce inci 6 ko 7 ba. An fara ganinsa a Mishigan a 1949. Da yake ba sauran babban kifin da zai ci shi, sai ya hayayyafa har aka ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 1960 wajen kashi 90 cikin 100 na nauyin kifin tafkin nasa ne. A bazarar 1967 ya yi mutuwar kasko, gawarwakinsa suka rufe gaɓar tafki har birnin Shikago, sai da aka kawo motocin tura ƙasa suna kwashewa ana binnewa, wari kuwa ya kori masu yawon shan iska.

Neman Magani

A 1954 Amurka da Kanada suka sa hannu a kan yarjejeniya, a 1955 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa mai kula da kifin tafkunan. Wani masani mai suna Vernon Applegate da abokan aikinsa suka gwada dubban sinadarai har suka dace da wanda ake kira TFM, mai kashe 'ya'yan lamfare a cikin taɓon rafuka ba tare da ya yi wa yawancin kifaye illa ba. An fara zuba shi a 1958, kuma a hankali yawan lamfare ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Saura elwayif. A nan ne Howard Tanner ya shigo, wanda aka naɗa shugaban sashen kifi na jihar Mishigan a 1964. Abin da kowa yake gani annoba, shi sai ya gan shi abincin da ke kwance ba mai ci. Shawararsa ita ce a kawo salmon daga gaɓar tekun Fasifik, kifi mai saurin girma, mai ƙarfin ja in ya kamu. Aka karɓo ƙwan salmon nau'in koho daga jihar Oregon aka ƙyanƙyashe, ranar 2 ga Afrilu 1966 aka fara zuba 'ya'yan a kogin Platte da ke malala cikin Tafkin Mishigan. A 1967 magajinsa Wayne Tody ya ƙara da wani nau'in da ya fi girma, wato shinuk.

Ya kamata a lura da abu guda a nan. Manufar Tanner ita ce a mai da tafkin dandalin masu su don nishaɗi, kuma bai ɓoye wannan ba. Rage elwayif riba ce ta biyu.

Zazzaɓin Koho

A kakar 1967 kifayen da aka zuba suna kamar tsawon tafin hannu suka dawo bakin kogi, da yawansu sun wuce laba 10. Labari ya bazu, mutane suka yi tururuwa da ƙananan jiragen da ba a ƙera su don babban ruwa ba, har aka sa wa abin suna zazzaɓin koho. Ranar 23 ga Satumba 1967 hadari ya taso kusa da garin Frankfort. An yi gargaɗi, amma kwaɗayi ya hana da yawa komawa gaɓa. Jirage fiye da 150 suka kife ko igiyar ruwa ta watso su tudu, mutum 7 suka rasu.

Duk da haka abin bai tsaya ba. Sauran jihohi da lardin Ontariyo na Kanada suka bi sahu. Da ma akwai masu jan fatsa don kamun tarawut tun kafin wannan lokaci, amma ba su da yawa. Yanzu kuwa sai aka shiga ƙera manyan jirage, na'urar sauke dalma ta yaɗu, aka sami matuƙan da sana'arsu ita ce ɗaukar baƙi su kai su tsakiyar tafki a biya su. Garuruwan gaɓa irin su Ludington da Manistee suka sami sabuwar kasuwa.

Waɗanda Aka Ture

Tarihi ba ya cika in an faɗi masu riba an bar masu hasara. Jihar Mishigan ta fifita masu su don nishaɗi a kan masunta na sana'a, ta rage yawan lasisinsu, ta kuma tsananta doka a kan taru mai shaƙe kifi. Iyalai da yawa da suka gaji su suka rataye komarsu. 'Yan asalin ƙasa kuwa suka ce ba ta saɓu ba, domin a yarjejeniyar 1836, wadda kakanninsu suka miƙa filaye a cikinta, ba su sarayar da haƙƙinsu na su ba. Magana ta kai kotu, a 1979 alƙali Noel Fox ya ba su gaskiya. Rigima ta yi tsanani tsakaninsu da masu jan fatsa, sai a 1985 aka yi sulhun da ya rarraba wuraren su a tsakanin ɓangarorin.

Ginin Ya Fara Girgiɗi

Gonar da aka yi wa shukar da ta fi ƙarfin takinta ba ta daɗewa. Aka yi ta zuba miliyoyin salmon kowace shekara har elwayif ya fara ƙaranci, a ƙarshen shekarun 1980 kuma ciwon ƙoda ya kashe shinuk masu ɗimbin yawa a Tafkin Mishigan. Bugu da ƙari, shinuk ya koyi hayayyafa da kansa a rafukan yankin, ta yadda hukuma ba ta da cikakken iko a kan yawansa.

Sa'an nan sai ga baƙo na uku. Tun da aka buɗe hanyar kogin San Lorans ga manyan jiragen teku a 1959, jiragen sukan zubar da ruwan da suka ɗebo a wasu ƙasashe don daidaita nauyinsu. A cikin irin wannan ruwa ne wasu ƙananan ƙumba, waɗanda asalinsu yankin Baƙin Teku ne, suka shigo. An gano nau'i na farko a 1988, na biyu a 1989. Suka shimfiɗu a ƙasan tafkuna suna tace ƙananan halittun da elwayif yake ci. Wato ga salmon yana cinsa ta sama, ga ƙumba tana cinye abincinsa ta ƙasa. Tsakanin 2003 da 2004 elwayif ya durƙushe a Tafkin Huron, kamun shinuk ya bi bayansa, matuƙa da yawa suka bar tashoshinsu. Ganin haka ya sa a 2013 jihohin da ke kewaye da Tafkin Mishigan suka rage yawan shinuk da suke zubawa da kusan rabi.

Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya a Huron. Ashe a jikin elwayif akwai wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jikin kifin da ya ci shi, har 'ya'yan tarawut su riƙa mutuwa jim kaɗan bayan ƙyanƙyashewa. Da elwayif ya ragu sai tarawut na asali ya koma hayayyafa da kansa, abin da aka shafe shekaru ana nema da kuɗi ba a samu ba.

Kammalawa

A ganina babban darasin wannan tarihi shi ne yadda annobar jiya ta zama dukiyar da ake tattali. Kifin da aka kwashe da motocin tura ƙasa a 1967, shi ne daga baya ma'aikata suke ƙirgawa kowace shekara suna fargabar kada ya ƙare, domin in ya ƙare kasuwar salmon ta tashi. Ga kuma zaɓi mai wuya a gaban hukuma: kare elwayif yana taimakon salmon da masu jirage, amma yana cutar tarawut ɗan gida. Maganin lamfare shi ma ba a isa a daina zuba shi ba, don da an yi sake za ta dawo.

Mu a nahiyarmu mun ga makamancin wannan. Giwan ruwa da muka sani ɗan gida ne a Kwara da Tafkin Chadi, amma da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya kawo kasuwar fitar da kifi waje, ya kuma share ƙananan kifaye iri-iri masu yawa da talakawan gaɓa suke ci. Saboda haka ba na cewa Tanner bai yi dabara ba, dabararsa ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Abin da nake roƙon duk ɗalibin da wata rana za a ba shi amanar wani ruwa shi ne, kafin ya zuba baƙon kifi ya tambayi kansa abin da kifin zai ci, da wanda za a ture daga gaɓa saboda shi, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kula da shi bayan shekara 50.