Gayya da Rabon Aiki Gwargwadon Ƙarfi

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda Gulbin Zamfara ke shayar da fadama, gayya ta girmi duk wata ƙungiyar taimakon kai da kai mai rajista. Mai gona kan raba goro a sa rana, samari su fito da hauya, makaɗin gangar noma na biye da su yana zuga wanda ya riga kai bakin gona. Masu ba da labarinta sun fi tuna ƙarti da kirari, alhali abin da ya riƙe ta shi ne tsarin rabo. Dattijon da ƙugu ya fara ciwo yana gefe yana gyaran abin da aka tsallake, yara na jigilar ruwa, mata na kawo fura da tuwo. Ba a ba kowa abin da ba zai gama kafin la'asar ba, ciyarwa kuma tana wuyan mai gona. Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne gayya, sauran ado ne.

Kuɗi ne suka fara rage mata ƙarfi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar ƙodago ya riga ya zama babbar hanyar samun hannu a gona. Sai dai dabarar gutsuttsura babban aiki ba ta ɓace ba. A 2010, da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun nuna cewa magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba. Aka bi gida-gida, mutanen gari na kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya da shebur, ana zubawa a buhu ana fitarwa, a kawo sabuwa a shimfiɗa. Garin Bagega kuwa sai a 2013 aikin ya kai gare shi. An biya masu aikin, don haka ba gayya ba ce tsantsa, amma lungun gidan ƙasa ba ya karɓar katafila, ƙananan hannuwa masu yawa ne suka iya shi.

Masana kimiyya sun faɗo kan wannan tsari ta hanyar kwamfuta. A 1996 George Woltman ya kafa shirin GIMPS don farautar manyan lambobin da babu mai raba su sai ɗaya da kansu. A 1999 jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fito da SETI@home, tana yayyanka bayanan na'urar sauraron sararin samaniya ta Arecibo tana aika wa kwamfutocin gida ta intanet, mutane fiye da miliyan biyar suka shiga. Daga nan manhajar BOINC ta fito a 2002, ta zama dandalin da kowane mai bincike zai kira tasa gayyar. Wadda ta fi kusa da ciwonmu ita ce malariacontrol.net, da cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Basel a Suwizalan ta buɗe a 2006 domin lissafin yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa da abin da gidan sauro ko rigakafi zai rage, sai dai an rufe ta a 2016.

Mai tsohuwar kwamfuta da ke son shiga, ƙa'idar farko ce ta shafe shi, wato wa'adi. Kowane guntun aiki yana zuwa da ranar mayarwa, in ta wuce a miƙa shi ga wani, wahalar mai jinkiri ta tashi a banza. Folding@home, wanda aka fara a jami'ar Stanford a 2000 don nazarin sunadaran jiki, wa'adinsa 'yan kwanaki ne, domin sakamakon wannan guntu ake jira kafin a yanko na gaba. Na'ura mai nawa cikas take kawo masa. GIMPS kuwa yana da aikin sake duba lambobin da wasu suka riga suka gwada, mai sauƙi kuma ba na gaggawa ba, daidai da gyaran da dattijo ke yi a gefen gona. Wani zai ce gudummawar irin wannan na'ura ba ta taka kara ta karya ba, tunda sabuwa guda za ta yi aikin goma irinta. Gaskiya ne ta fuskar yawa, sai dai sakamakon da ba a tabbatar ba bai zama ilmi ba tukuna, kuma tabbatarwar ba ta buƙatar gudu.

Sukar da ta fi nauyi ta ƙa'ida ta biyu ce, kuma ina ganin masu ita sun fi gaskiya. A gayyar kwamfuta wanda aka gayyata ne ke ciyar da kansa. Tsohuwar kwamfutar tebur mai jan wat 100, in aka bar ta dare da rana, za ta sha kusan yunit 72 na wuta a wata, kuma gwargwadon tsufanta gwargwadon ƙarancin lissafin da kowane yunit ke haifarwa. A garin da wutar gwamnati ke zuwa jefi-jefi, ƙona fetur a janareta don wannan ɓarna ce, kuɗin sun fi amfani a hannun asibitin gari. Lissafin yana canzawa ne ga mai sola, wanda batirinsa ke cika tun kafin azahar, hasken da ya rage yana zuba a banza. Makaranta ko shagon buga takardu mai irin wannan rara na iya ba da sa'o'in rana, a kashe na'ura da magariba, muddin an zaɓi aiki mai dogon wa'adi da ke adana inda ya tsaya. Tsohuwar wayar Android ma ta fi kwamfutar tebur dacewa da yanayin: BOINC yana da manhajarta tun 2013, wutar da take sha kaɗan ce, kuma a tsarinta na asali ba ta fara lissafi sai wayar na jone da caja, batirinta ya kusa cika.