Kayan ɗaki na tsohon katako da ƙarfe

Kayan ɗaki na tsohon katako da ƙarfe nau'i ne na tebura, kujeru, benci, kanta da kabad waɗanda ake ƙerawa da hannu daga katakon da aka taɓa amfani da shi a wani aiki, sannan a yi musu ƙafafu ko firam na ƙarfe. Aikin yakan haɗa sana'a biyu, ta kafinta da ta mai walda. Abin da ya bambanta su da sauran kayan ɗaki shi ne ba a ɓoye tarihin katakon: ramukan ƙusa, tsagewa da ragowar tsohon fenti duk ana barin su a fili.

Tarihi

Sake amfani da katako tsohuwar al'ada ce ta masu ƙaramin ƙarfi a ko'ina. Mayar da shi abin ado mai tsada ne sabon abu. Ana yawan danganta wannan da Piet Hein Eek, mai zanen kayan ɗaki ɗan ƙasar Holan, wanda a shekarar 1990 ya gabatar da kabad na guntayen tsohon katako masu launi daban-daban a matsayin aikinsa na kammala karatu a Eindhoven. A 2010 ya mayar da wurin aikinsa wata tsohuwar masana'antar Philips a birnin. Shi kuma salon ƙarfen ya samo asali ne daga kayan masana'antu, irin su kujerar Tolix ta Faransa ta 1934, da siraran ƙafafun teburi na lanƙwasasshen rodi da Henry Glass ya ƙirƙiro a Amurka a 1941.

A Afirka ta Yamma, Ousmane Mbaye na Dakar da Hamed Ouattara na Wagadugu sun yi suna wajen ƙera kabad da kujeru daga tsofaffin gangunan mai. A Senegal kuma ana yin kayan ɗaki da katakon tsofaffin kwale-kwalen masunta, tare da fentinsu na asali.

Inda ake samun katakon

A Amurka, yawancinsa daga rusassun rumbunan gona da tsofaffin masana'antu yake fitowa. A Indonesiya ana kwance tsofaffin gidajen itacen tik na tsibirin Jaba. Irin wannan katako yakan fito daga bishiyoyin da suka daɗe suna girma a hankali, don haka ya fi na gonakin itace na yanzu nauyi da ƙwari, kuma ya riga ya bushe tsawon shekaru. Mafi arha shi ne katakon dakali da ake ɗora kaya a kai wajen jigila.

Yadda ake haɗawa

Da farko ana cire ƙusoshi, sau da yawa da taimakon na'urar gano ƙarfe, domin ƙusa ɗaya da ta ɓuya tana iya lalata haƙoran zarto. Daga nan a gasa katakon a ɗakin busarwa don kashe ƙwari da rage danshi, a daidaita shi, a goge. Mai walda ya haɗa firam, a shafa masa fenti ko mai saboda tsatsa.

Wuri mafi wuya shi ne mahaɗar katako da ƙarfe. Katako, komai tsufansa, yana kumbura ta faɗinsa idan iska ta yi laima, ya tsuke idan ta bushe; ƙarfe kuwa bai damu da laima ba. Idan aka ɗaure saman teburi tamau a jikin firam, ƙarshensa ya tsage ko ya bankare. Shi ya sa gwanaye ke huda dogayen ramuka a ƙarfen maimakon zagayayyu, don noti ya samu wurin motsi. Mai saye zai iya leƙa ƙarƙashin teburi ya gane ko an yi haka.

Haɗari

Ba kowane tsohon katako ne ya dace da cikin gida ba. Katakon da ake shimfiɗa layin dogo a kansa ana jiƙa shi da kiriyosot, wani mai da ake samu daga kwaltar kwal, wanda ake zargi da haddasa ciwon daji. Tun 2003 Tarayyar Turai ta hana amfani da irin wannan katako a cikin gidaje. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ba ta haramta a fentin gidaje ba sai 1978, kuma ƙurarsa a lokacin guga tana illa ga ƙwaƙwalwar yara.

Katakon jigila yana ɗauke da hatimi bisa ƙa'idar ISPM 15 ta 2002. Alamar HT na nufin an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30. Alamar MB na nufin an turara shi da gubar metil buromayid, kuma yawancin kafintoci na guje masa.

Akwai kuma jabu: wasu kan bubbuga sabon katako da sarƙa, su rina shi, su sayar a matsayin tsoho. Tsohon ramin ƙusa na gaske yawanci yana da baƙin tabo a kewayensa, wanda tsatsar ƙusar ta bari a cikin itacen.