Itacen Alerce na Kudancin Chile: Daga Sara da Gobara zuwa Dashe

Alerce itace ne da ke fitowa a dazuzzukan kudancin Chile da wani ɗan yanki na Ajantina, inda ruwan sama ke zuba kusan duk shekara. Yana cikin itatuwan da ba sa fure, masu ajiye irinsu a ɗan ƙoƙo, kuma ganyensa kore ne shar a kowane lokaci. Mapuche, 'yan asalin ƙasar, suna kiransa lahuan. Sifaniyawa ne suka laƙaba masa alerce, masana tsirrai kuwa suka raɗa masa Fitzroya, don karrama Robert FitzRoy, kyaftin ɗin jirgin ruwan Beagle. An san shi da jinkirin girma da tsawon rai. A kan tuddai masu sanyi, kaurin da yake ƙarawa a shekara ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu. A 1993 masana biyu, Antonio Lara da Ricardo Villalba, suka ƙirga zobban shekaru a jikin wani kututture, suka tarar itacen ya haura shekara 3,600.

Jinkirin nan shi ya ba katakonsa daraja. Ja ne, ba nauyi, ba ya saurin ruɓewa, kuma yana tsagewa a miƙe ko babu zarto. Tun zamanin mulkin Sifaniya, mutanen tsibirin Chiloé da garin Calbuco suka mai da saransa sana'a. Idan yanayi ya yi ɗumi sai su tsallaka ruwa a kwale-kwale, su hau tsauni da gatari. In an kayar da itace, a nan take ake gunduwa shi, a kafa masa tsinin itace, a yi ta bugu har ya rabe falle-falle. Daga nan mutum ya saɓa katakon a kafaɗa ya gangaro ta kan gungumen da aka shimfiɗa bisa taɓo. Nisan hanya ma da yawan hutu da sauyin kafaɗa suke auna shi. Da waɗannan fallaye ake rufin gidaje da majami'u, da ɓawon cikinsa ake toshe kafofin jiragen ruwa, kuma a lokacin ana loda katakon zuwa Peru. Saboda ƙarancin kuɗi a yankin, falle ya zama abin saye da sayarwa da biyan haraji.

Gatari ya rage dajin, amma wuta ce ta yi masa babbar illa. A tsakiyar ƙarni na 19 gwamnatin Chile ta buɗe kudu ga baƙi Jamusawa, ƙarƙashin wakilinta Vicente Pérez Rosales, wanda ya kafa garin Puerto Montt a 1853. Don a sami gonaki da makiyaya, aka riƙa cinna wa daji wuta. A lokacin fari na 1863 gobara ta lashe dajin alerce da ke tsakanin Puerto Montt da garin Puerto Varas. Zuwan jirgin ƙasa da injunan yanka katako a ƙarni na 20 ya kai saran har cikin tsaunuka. A tsaunin Cordillera Pelada, kusa da teku, har yau ana ganin matattun alerce a tsaye, farare fat, shaidar gobarar da ta yi ta maimaituwa.

Kariya ta zo a makare. A 1975 aka sa alerce a jerin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, sannan a 1976 Chile ta haramta saran mai rai. Sai dai dokar ta bar ƙofa, domin ta halatta ɗibar mataccen itace. Wannan ya sa wasu suka riƙa sassaƙe ɓawon mai rai ko su sa masa wuta, daga baya su nemi izinin kwashewa. An kuma keɓe gandun daji, kamar Alerce Andino a 1982 da Alerce Costero a 2010.

Hana sara bai isa ya mai da daji ba. Alerce ba ya ba da iri mai yawa kowace shekara, kuma da dama cikin irin ba ya tsirowa. Ɗan tsiron yana son haske da danshi, amma shanu na tattake shi su cinye kansa, ciyawa da gora kuma su danne shi. Inda wuta ta cinye iyayen duka, babu mai zubar da iri. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1990 masana daga jami'ar Austral ta Valdivia suka fara dashe kusa da Puerto Montt, da tsiron da aka rena daga iri da rassan 'yan itatuwan da suka tsira a wannan yanki, don kada a gauraya shi da na wani yanki dabam.

Bibiyar irin wannan dashe aiki ne na mai haƙuri. Ana shata fili, a kafa turaku a kusurwoyinsa, a ɗaura wa kowane tsiro lamba. Lokaci-lokaci ma'aikaci zai dawo ya durƙusa cikin laima, ya auna tsayi da kaurin gindi, ya duba ko dabba ta ci toho, ya rubuta mai rai da matacce. Ana kwatanta fili mai shinge da marar shinge, mai inuwa da buɗaɗɗe, tudu da fadama. Shekarun farko suna nuna wanda ya kama ne kawai. Alamar nasara ta gaskiya ita ce ranar da dashen ya fara zubar da iri, sabon tsiro ya fito da kansa. Tun da itacen ya fi mai auna shi tsawon rai nesa ba kusa ba, dole a adana lambobi, taswira da littafin awo yadda wanda zai gaji aikin zai iske kowane tsiro a inda aka bar shi.