Tallafin Gwamnati da Koyar da Kimiyya da Hausa: Waiwaye Daga 1929 Zuwa Yau

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama ya cike takardun neman tallafin bincike ya san cewa tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce wadda take neman a faɗi amfanin da ƙasa za ta samu daga aikin. Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Tun zamanin Turawa ita ce ma'aunin da hukuma take ɗora kowane aikin harshe a kai kafin ta buɗe baitulmali. Wannan takarda za ta bi sawun kuɗin da gwamnatoci suka kashe wajen shirya Hausa domin ta ɗauki darasin kimiyya da lissafi, a ga inda suka shiga da kuma inda suka kasa kaiwa.

2.0 Daga Hukumar Fassara Zuwa NORLA

A shekarar 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, aka kuma sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi a 1933. Yawanci idan an ambaci wannan hukuma, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ake tunawa. Ba a cika tuna cewa daga wannan gida ne littafin Ikon Allah ya fito ba, wanda East da Abubakar Imam suka rubuta, ya fara fita a 1949, yana bayanin halittu da yadda duniya take gudana cikin Hausa mai sauƙi. Ko sunan littafin ma abin lura ne: marubutan sun san mutanen da suke yi wa magana, sun kuma san ƙofar da ilimin kimiyya zai bi ya shiga zauren malam ba tare da an kore shi ba.

Kuɗin irin waɗannan ayyuka ya ƙaru ne bayan Majalisar Ingila ta zartar da dokar raya ƙasashen mulkin mallaka a 1940, wadda ta ware fam miliyan 5 a kowace shekara, da wasu fam 500,000 domin bincike kawai. Dokar 1945 ta ɗaga adadin zuwa fam miliyan 120 na shekara goma. A wannan shekarar ce aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. A wancan lokaci malami ba ya neman tallafi da kansa. Daraktan ilimi ne yake rubutawa, Gwamna ya sa hannu, takarda ta tafi Landan. Wato hukuma ce mai nema, ita ce kuma mai aiwatarwa, ga maɗaba'a a hannunta, ga makarantun En'e suna jiran littafi. Duk da aibin da ke tattare da manufar Turawa, wannan tsari yana da wata fa'ida guda: abin da aka rubuta yana isa aji.

Hukumar NORLA, wadda ta yi aikin yaƙi da jahilci a shekarun 1950, ta rufe a 1959. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta daidaita ƙa'idojin rubutu ta kuma tattara kalmomin fannoni, amma ba ta daɗe ba bayan rushe Jihar Arewa a 1967. Aikinta ya koma hannun Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka buɗe a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a 1969. Daga nan aikin harshe ya bar ofishin gwamnati ya shiga jami'a, jami'a kuwa sai ta nema ake ba ta.

3.0 Shekarun Man Fetur da Abin da Ya Biyo Baya

Gwaji mafi shahara da aka yi a ƙasar nan kan koyarwa da harshen uwa shi ne na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci, har da kimiyya da lissafi, tsawon shekara shida ta firamare, Ingilishi kuma yana matsayin darasi. An rubuta littattafai, an horar da malamai, an kwatanta sakamakon yaran da na takwarorinsu. Abin da ya kamata mai neman tallafi ya lura da shi shi ne, babban kason kuɗin wannan aiki daga Gidauniyar Ford ta Amurka ya fito. A Arewa ma, shirin kyautata ilimin firamare da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar a farkon shekarun 1970 ya dogara ne da taimakon UNICEF da UNESCO. Gwajin cikin aji, wanda shi ne mai tsada da cin lokaci, baƙi ne suka fi ɗaukar nauyinsa.

Gwamnatin Tarayya kuwa ta zuba nata kuɗin a wani wuri. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976 da fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankin da yake zaune, sai Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta shiga tara masana domin ƙirƙiro kalmomi. Sakamakon haka shi ne ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafin firamare cikin harsuna tara da aka buga a 1987: Hausa, Fulatanci, Barbarci, Yarabanci, Ibo, Edo, Efik, Tibi da Izon. A 1988 aka haɗe cibiyar da wasu hukumomi uku aka kafa NERDC. Ƙarƙashinta aka fitar da kalmomin nazarin harshe da adabin Hausa a 1990, sai kuma ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991, domin cika sharaɗin tsarin mulki na yin muhawara da Hausa da Ibo da Yarabanci.

Aiki ne na ƙwarai, kuma waɗanda suka yi shi malamanmu ne. Sai dai kasafin kowanne daga cikinsu yana ƙarewa ne a ranar da littafi ya fito daga maɗaba'a. Kuɗin taron bita yana nan, na masauki da na buga littafi suna nan, amma na kai kalmomin aji uku a ga ko yaro ya gane bambancin alwatika da murabba'i, ko kuwa ya haddace su ne kamar yadda yake haddace na Ingilishi, wannan ba ya cikin lissafi. Na sha shiga makarantun firamare na tarar da malamin lissafi yana fassara darasi da ka, kowace rana da kalmar da ta zo masa, alhali an yi shekaru da daidaita kalmar a littafin da bai taɓa gani ba. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara dagula lamarin, domin darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, kuɗin bincike a jami'o'i ya kusa ƙafewa.

4.0 Harajin Ilimi da Asusun TETFund

Mafita ta zo ne ta hanyar yajin aiki. Yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta cim ma da gwamnati a 1992, lokacin shugabancin Attahiru Jega, ita ta haifar da Dokar Soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin ilimi. Da farko asusun yana taimaka wa dukkan matakai, daga firamare har jami'a. A 2011 aka sake dokar, aka kafa TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati: kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi.

A nan ne malami ya zama mai nema da sunansa. Akwai ƙaramin tallafi da ake samu ta hannun makarantar da mutum yake aiki, akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, wanda ake gasa a kansa. Mai nema yakan fara da taƙaitaccen bayanin manufa. Idan ya tsallake, a nemi cikakken tsari da kasafi, sa'an nan ya zo ya kare aikin da baki a gaban kwamiti. An kasa fannonin gida uku: kimiyya da fasaha da ƙere-ƙere, fannonin ɗan Adam da zamantakewa, sai kuma waɗanda suka ratsa fanni fiye da ɗaya. Ana son ayari mai haɗa masana daga fannoni daban-daban, ba mutum ɗaya ba.

Koyar da kimiyya da Hausa a gida na uku ya dace ya zauna, amma mu masu nazarin harshe mun saba kai shi gida na biyu, mu kaɗai, ba masanin kimiyya ko ɗaya a cikinmu. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Wani kwamitin tantancewa ya dawo mini da tsarin da na rubuta kan kalmomin kimiyyar firamare, da tambayar yadda zan auna nasararsa. Na ji haushi a lokacin. Da na sake karantawa sai na ga abin da na yi alkawari shi ne jerin kalmomi, wato abin da aka riga aka biya aka yi tun 1987.

Akwai kuma wani giɓi da dokar 2011 ta buɗe. Kuɗin mai bincike yana TETFund, ajin da zai yi gwaji a ciki kuwa yana ƙarƙashin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, waɗanda suke samun nasu tallafin daga UBEC bisa dokar 2004, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Babu wata doka da ta tilasta wa ɓangarorin biyu zama tare. Mai nema ne zai je da ƙafarsa ya samo amincewar hukumar jiha a rubuce, ya sa albashin mataimaka da kuɗin horar da malaman aji cikin kasafinsa, ya kuma faɗi makarantu nawa da zangon karatu nawa gwajin zai ɗauka.

A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke ta, tana mai kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa a yankunan da aka ce sun fi amfani da harshen gida. Masana harshe da dama sun yi raddi, kuma hujjar da aka fi jawowa ita ce ta Ife, gwajin da aka fara shekara 55 kafin wannan sanarwa, da Yarabanci, da kuɗin Gidauniyar Ford.