Laƙabin da Ya Riga Alƙali Yanke Hukunci

Ranar kasuwar Darki, a kan titin da ya tashi daga Wudil ya nufi gabas, labarin da aka saka a Facebook da safe yakan isa kunnen dillalin hatsi kafin azahar, ko da bai taɓa buɗe shafin sada zumunta ba. Direba ya ji a tasha, yaron shago ya nuna wa maigidansa a waya, shirin siyasa na rediyo ya maimaita da dare. A wannan tafiya bidiyo yakan zube a hanya, abin da yake isa shi ne kalma ɗaya ko gajeriyar jimla. Hujjar wannan maƙala ita ce, irin wannan kalma tana samun ƙarfi ne a inda hukuma ta bar tambaya ba amsa, kuma fushin da take haifarwa ba a kan mai ƙarfi yake sauka ba.

A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce yana nuna Gwamnan Kano Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar bandir-bandir na daloli. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa shi aka yi. Majalisar dokokin jihar ta kafa kwamitin bincike, kotu ta dakatar da shi, sashe na 308 na kundin tsarin mulki kuma ya ba gwamna mai ci kariya daga gurfana. Aka bar jama'a da zargi babu hukunci, sai suka cike gurbin da laƙabin "Gandola". Bahaushe ya daɗe da sanin wannan makami a zambon maroƙa da habaicin kishiyoyi. Abin da waya ta ƙara shi ne sauri, da kuma ɓacewar mai magana: maroƙi an san gidansa, ana iya toshe bakinsa da kyauta, amma kalmar da baki dubu ya ɗauka ba ta da mai ita.

Za a ce, to ai wannan shi ne makamin talaka, wanda ba shi da lauya ba shi da jarida. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban raina ta ba. Sai dai a duba wanda ya ji jiki. Ganduje ya koma kujerarsa bayan ƙarashen zaɓe na watan Maris 2019, ya zama shugaban jam'iyyar APC na ƙasa a watan Agustan 2023. Ɗan jaridar kuwa ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021, yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda barkwancin da suka yi a kan gwamnan. Idan kuma fushin taron ne ya juya kan wanda ba shi da kariya, lamarin yakan fi muni. A Nuwamban 2020 'yar fim Rahama Sadau ta saka hotunanta, wani daban ya rubuta kalaman ɓatanci a ƙarƙashinsu, amma ita aka yi wa ca, har ta fito a bidiyo tana ba da haƙuri tana nesanta kanta da abin da ba ita ta rubuta ba. Taron da ya tsaya a laƙabi a kan gwamna, a kanta hukunci ya nema.

Daga ɗaya ɓangaren kuma ana cewa mutunci abin karewa ne, addini ya hana ƙazafi, don haka a tsananta doka. Babu mai jayayya da haramcin ƙazafi. Matsalar ita ce kamu yana ƙara wa kalma rai. A watan Yunin 2022 wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ya rubuta jimla ɗaya a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, yana zargin an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. Jimlar ta yi watanni a kwance, kaɗan ne suka san da ita. Da aka kama shi a Nuwamba aka kai shi Abuja, sai ta shiga bakin kowa, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar zanga-zanga, a farkon Disamba aka janye ƙarar.

Saboda haka maganin da nake gani yana hannun hukumomin da aka ɗora wa bincike. Da an bar kwamitin 2018 ko wata hukuma mai hurumi ta tantance bidiyon nan ta faɗa wa Kanawa sahihi ne ko ƙirƙirarre, da laƙabin ya tabbata da hujja ko ya mutu da kunya, kuma ko wanne ya faru an yi wa wanda ake zargi adalci. Har Ganduje ya sauka daga mulki a 2023 ba a yi hakan ba.