Hukumar Shari'a ta Daular Faransa da Matsayin Hausa a Gaban Alƙali

Wanda duk ya yi niyyar tsara kalmomin shari'a domin littattafan yaƙi da jahilci, wajibi ne ya fara sanin hukumar da ta riƙe shari'a a zamanin mulkin mallaka, da kuma harshen da ta yi aiki da shi.

A shekarar 1894 Faransa ta kafa ma'aikatar kula da ƙasashen da ta mallaka, kuma alƙalan waɗannan ƙasashe a ƙarƙashinta suke. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara shari'a a Afirka ta Yamma ta Faransa: babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara ta Dakar shi ne shugaban hukumar, aka kuma raba shari'a gida biyu, ta Faransawa da ta ƴan ƙasa. Dokar 22 ga Maris 1924 ta mai da kotunan ƴan ƙasa hawa biyu, inda galibi komandan ke shugabanci, dattawa biyu masana al'ada suna dafa masa. Sai ranar 30 ga Afrilu 1946 aka ƙwace hukuncin laifuffuka daga hannun waɗannan kotuna.

To, ina matsayin Hausa? A ƙasar Gobir ta Tibiri, wadda Gidan Sori ke cikinta, an saba kai ƙara gaban mai gari ko sarki ko alƙali, da Hausa ake da'awa, da ita ake yanke hukunci. A kotun komandan kuwa, manomin da ya zo rikicin gona da Hausa yake magana, tafinta ya juya, magatakarda ya rubuta da Faransanci. Watau abin da ya shiga kundi maganar tafinta ce. In ya karkata, gona ta tafi.

Saboda haka Hausar shari'a a baka ta tsaya, ba ta sami shiga takardun hukuma ba. Amma kalmominta suna nan da rai: waɗanda aka aro daga Larabci tun da daɗewa, kamar alƙali, shari'a, hukunci, shaida, diyya, da na asali, kamar ƙara, rantsuwa, gado, jingina, aro.

Shawararmu ita ce, kafin a ƙirƙiro sabuwar kalma a ofis, a je fadar sarakuna da zaurukan masu gari na Gidan Rumji da Agye da Gazawa, a saurari yadda ake sasanta mutane, a rubuta. Abin da ya gagara samuwa can, shi ya cancanci aro ko ƙirƙira.